Kwalin da Ya Kwana Biyu a Zauren Miterai

A ƙauyenmu na Tumuldai, can arewa a ƙasar ƙanƙara, in gardama ta tashi a kan sanyi, wurin Miterai ake zuwa a raba ta. Ba wani karatu ya yi ba, daga aji bakwai ya bi dawaki, ya shekara arba'in da ɗoriya yana kiwon su a dajin bayan tafki. Yatsu biyu na ƙafar hagu ya bar wa sanyi tun yana saurayi, kuma bai taɓa hucewa ba, shi ya sa duk wanda ya gani da matsattsen takalmi sai ya tare shi a hanya ya yi masa wa'azi. Da safe yakan tsaya a ƙofar gida ya hura iska, ya kasa kunne ya ji ƙarar da numfashin ke yi in yana daskarewa, ya ce yau an haura digiri hamsin ƙasa da sifili. A je a duba ma'aunin da ke jikin tagar makaranta, a tarar haka ne.

Mutumin kirki ne, wannan ba mai musu. Sai dai Allah ya yi shi da son a ce ya sani, kuma mu ne muka ƙarasa ɓata shi da yawan tambaya.

Karatun da ya fi kowanne maimaitawa shi ne na bindiga. Kowane mafarauci a nan ya san ba a shigo da ita ɗaki daga sanyi, a zaure ake rataye ta, tare da daskararren kifi da nama da curin madara. In ta shiga ɗumi kai tsaye sai ta yi gumi ciki da waje, ruwan ya kwanta a lungunan da tsumma ba ya kaiwa, kafin bazara tsatsa ta gama da ita. In dole ne a shigo da ita, sai a naɗe ta cikin tsohuwar rigar sanyi, a bar ta ta wuni a haka. Kowa ya san wannan tun yana goye, amma Miterai yakan faɗe shi kamar jiya ya gano shi, ya ƙarasa da cewa ba sanyin ke lalata ƙarfe ba, mu ne da gaggawarmu.

Bayan rasuwar matarsa Balbara, 'yarsa Tuyara ta dawo daga birni ta zauna da shi, ita da mijinta Aisen, wani siriri mai tabarau da ke aiki a gidan wutar lantarki. Duk lokacin da Aisen ya shigo daga waje sai tabaransa ya yi hazo, ya tsaya a bakin ƙofa yana lalube, tsohon kuwa ya ce ga makahon birni ya dawo, a nuna masa kujera. Ita Tuyara zane take yi, na adon azurfa da na sirdi, tana aika wa maƙeran birni ta kwamfuta. A tsakiyar hunturun da ya wuce kwamfutar ta mutu. Aisen ya buɗe ta ya ce allon ciki ne, wanda ake dasa sauran kayan a kansa, sai ta sayi sabo daga nesa aka ce yana hanya. A makon da zai iso kuma tafiya ta kama su zuwa babban gari, domin uwar Aisen ba ta da lafiya.

Sau uku Tuyara ta faɗa wa mahaifinta kafin ta fita. In kwalin ya zo ya shigo da shi nan take, ya ajiye shi nesa da murhu, kada ya buɗe, ya bar shi ya wuni ya kwana a rufe. Ya ce mata shi za ta koya wa zancen sanyi, ita da ya goya a cikin rigarsa?

Mai kawo mana kaya ita ce Kunnei. Talata da Juma'a take tuƙo motarta ta kan kogin da ya daskare, da burodi da wasiƙu da 'yan fasinja, amma kwalayen da wani kamfanin aika kaya ke ba ta su ne abincinta, ita da 'ya'yanta biyu. Mahaifinta abokin kiwon Miterai ne, a bukka ɗaya suka yi hunturu goma sha ɗaya. A wurinmu ba a sa hannu a takarda don an karɓi kaya. In ba ka nan ta tura ƙofar zaure ta ajiye, tunda ba mai kulle zaure, in kana nan ta miƙa maka ta sha shayi a tsaye ta wuce.

Ranar Talatar nan saniyar Miterai ta haihu kafin lokacinta. Yana fitowa daga garke rungume da maraƙin, ya naɗe shi da buhu zai kai shi gindin murhu kamar yadda ake yi, sai ga motar Kunnei a bakin shinge. Ta leƙo ta taga ta ɗaga masa kwali, ta ce na Tuyara ne, an rubuta a jiki kada a bar shi a waje. Ya zaro hannu ɗaya daga ƙarƙashin buhun ya ɗaga mata.

"Ajiye a zaure, 'yata, yanzu zan ɗauka."

Ta ajiye a kan kantar da ke zauren, tsakanin buhun kifi da curin madara, ta ja motarta. Shi kuma ya duƙufa a kan maraƙin, yana goge shi, yana ɗura masa madara da kwalba, yana zaginsa don ya ƙi tsayawa da ƙafafunsa. Kwali ya fita daga kansa fit. Sau nawa ya ratsa zauren nan a kwana biyu, Allah kaɗai ya sani, har kifi ya ɗiba daga buhun da ke jingine da kwalin.

Ranar Alhamis da tsakar rana Tuyara ta kira shi a waya daga waccan gaɓar kogin, ta ce nan da minti arba'in suna gida, ta tambaya ko saƙonta ya iso. Ya ce ya iso. Yana ajiye wayar ya tuna inda ya bar kwalin. Ya fita zaure ya tarar da kwalin ya yi fari fat da raɓar ƙanƙara, ya ɗauka ya ji sanyin yana cizon yatsunsa.

Abin da ya rage masa mai sauƙi ne. Ya shigo da shi a rufe, in ta zo ya ce, 'yata na manta, jira zuwa gobe. Da ta ɗan yi mita, Aisen ya samu abin ramuwa na mako guda, shi ke nan. To amma wannan Miterai ne, mutumin da ya ce shi za a koya wa zancen sanyi. Ya tuna yadda za ta taɓa kwalin ta ji shi kamar dutse, ya tuna murmushin da makahon birni zai ɓoye a bayan kofin shayi, sai ya ɗauko wuƙa. Ya yanka kwalin, ya farke ledar da ke ciki, ya jawo kujera gindin murhu, daidai inda maraƙin ya kwanta, ya ɗora allon a kai don ya yi ɗumi da wuri.

Da idonsa ya gani. Allon ya fara yin fari, farin ya narke, ruwa ya tsattsafo a kansa ƙanana ƙanana, ya gangara cikin ramuka da ƙarƙashin 'yan ƙarafan da ke manne a jiki. Zan so in ce bai gane ba, amma ya gane sarai, shekara hamsin yana wa'azin abin nan. Ya ɗauko tawul ɗin marigayiya Balbara ya goge inda tawul ke kaiwa, ya hura sauran da baki, ya mayar cikin leda ya rufe kwali, ya kai shi kan teburin Tuyara. Yana mayar da kujera ya ji ƙarar mota.

Ko rigar sanyi ba ta gama cirewa ba ta nufi teburin. Ta ga an buɗe, ya ce dubawa ya yi ko ya fashe a hanya. Ta taɓa ta ji ba sanyi, ta tambaye shi yaushe ya shigo da shi.

"Tun jiya da safe," in ji shi, yana zuba shayi ba tare da ya ɗago ba.

Ta ƙirga da yatsu ta ce ai ya isa. Ita da Aisen suka sa shi a cikin kwamfutar, suka jona wuta. Fankar kwamfutar ta juya sau biyu, aka ji ɗan ƙas, sai warin ƙonanniyar roba ya cika ɗakin. Miterai yana zaune da kofi a hannu, shayin ya huce bai kurɓa ba.

Tuyara ba mai kuka ba ce, mai bin diddigi ce, kuma a wurinsa ta gado. Ta ce in jiya da safe aka shigo da shi, kuma Talata aka kawo, ashe ya kwana a waje ke nan cikin sanyi hamsin, dole wani abu ya tsage a ciki. Ta juyo ta tambaye shi ko Kunnei ba ta ƙwanƙwasa ba, ba ta ce masa komai ba. Ƙarya ta farko ta riga ta share wa ta biyu hanya. Ya ce yana wajen saniya, bai ji zuwanta ba, da safe ya tsinci kwalin.

A yammacin nan Tuyara ta rubuta wa kamfanin ƙorafi. Kafin mako ya zagayo an dakatar da ba Kunnei kwalaye, an ba wani mutumin ƙauyen gaba, wai sai an gama bincike.

Ya zaci Kunnei za ta zo ta tsaya a tsakar gida ta tona shi, har ya tanadi fuskar da zai yi. Ta zo ɗin kuwa, ranar Juma'a, da maganin hawan jininsa da ta saba karɓo masa. Ta gaishe shi da Baba kamar kullum, ta tambayi maraƙi ko ya tsaya da ƙafafunsa, ta ƙi shayi ta ce tana sauri. Bayan motarta da a da yake cike har rufi, ranar buhun burodi biyu ne kawai a ciki. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya riƙe ledar maganin a ƙofar gida har motar ta ɓace, kunya tana cin sa kamar ya nutse.

Daga nan abinci ya daina shiga. Ya daina tsayawa da safe yana sanar da mu ko an haura hamsin. In zai jefa wa wutar murhu ɗan gutsuren waina, yadda Balbara ke yi kafin a ci, sai ya kau da kai kamar wutar tana kallonsa. Mafi muni a kanti ya same shi. Mata suna layi suna tattauna sakacin Kunnei, wata ta ce dama tuƙin mota ba aikin mace ba ne, wata ta ce ai ga mai ilmin abin nan, a tambaye shi. Suka juyo gaba ɗaya suka ce, Baba Miterai, sanyin dare ɗaya zai iya kashe irin wannan kaya? Ya san amsar. Kayan nan a bayan manyan motoci suka yi kwanaki suna ratsa sanyin da ya fi na zaurensa, ba abin da ya same su. Ya kalli gwangwanayen da ke kan kanta ya ce mai yiwuwa ne. Ya yi wa 'yarsa ƙarya, ya yi wa 'yar abokinsa, yanzu kuma ya yi wa sanyin da ya ba shi suna a garin. Ya fita bai sayi gishirin da ya je nema ba.

Kwana goma aka yi a haka. Ranar Lahadi da rana Aisen ya dawo daga farautar zomo, hannu wofi kamar yadda ya saba, ya turo ƙofa da bindiga a kafaɗa, tabarau ya yi hazo, ya lalubi bango ya jingine ta kusa da murhu. Tuyara tana tebur tana zane da hannu a takarda, tunda kwamfuta babu. Bakin Miterai ya riga hankalinsa.

"Kai makahon birni, fitar da ita. Sau nawa zan faɗa maka? Ba ka ga tana gumi ba? Ko ka goge wajen, na cikin fa, wa zai goge maka? Ba sanyin ke lalata ƙarfe ba, ku ne da gagg..."

A nan ya tsaya. Tuyara ta ajiye fensirinta. Ta kalli bakin bindigar, inda ruwa ya tsattsafo yana gangarowa, ta kalli kujerar da ke gindin murhu, ta daɗe tana kallon mahaifinta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, yaushe kwalin ya shigo ɗakin nan?"

Ya faɗa mata duka, yana kallon ƙafarsa mai yatsu uku. Hannun da ya ɗaga wa Kunnei, kwana biyun, wuƙar, kujerar, tawul ɗin uwarta. Aisen, wanda ya shekara shida yana jiran irin wannan rana, ya ɗauki bindigarsa ya fita zaure bai dawo ba sai da aka gama, kuma har yau bai taɓa tayar da zancen ba. Tuyara ba ta yi maganar allon ba ko sau ɗaya. Cewa ta yi sau huɗu ta rubuta sunan Kunnei a takardar nan, kuma ta kira ta marar amana.

"Da hannuna ka sa na ci mutuncinta, Baba. Da ka ce ka manta, me zan yi maka? Dukanka zan yi?"

Washegari da safe ya sa rigarsa ta zuwa biki ya tafi gidan Kunnei. Ya same ta tana yaye bargon da take lulluɓe mota da shi. Ya fara jawabin da ya shirya a hanya, ta katse shi ta ce ba sai ya faɗa ba, ai tana nan lokacin da ya ɗaga hannu. Ya tambaye ta don me ba ta faɗa wa kamfanin ba, ko ta faɗa wa Tuyara.

"In ce me? In ce Baba Miterai maƙaryaci ne? In ba a yarda ba na ƙara zubar da kaina. In an yarda kuma..." Ta naɗe bargon ta jefa a baya. "Kai ka haƙa kabarin mahaifina, kwana uku kana hura wuta ƙasa ta narke. Jira na yi in ga kwana nawa za ka iya."

Ya ce goma sha ɗaya. Ta ce ta sani, ita ma tana ƙirgawa.

Ya shiga gaban motar suka yi awa uku a kan kogi. A ofishin kamfanin wata yarinya ce a bayan tebur, takalmansa sun girme ta. Ya cire hula ya tsaya a gabanta ya faɗi abin da ya yi, ta ce ya maimaita a hankali tana bugawa, ya maimaita. Da ya zo wurin kujera da murhu sai ta ɗago ta ce, ai Baba ba a yin haka, gumi yake yi, kamata ya yi a bar shi a rufe ya wuni. Ta yi masa bayanin dalla-dalla, da kyakkyawar niyya, yadda ake yi wa tsohon ƙauye. Ya saurara har ƙarshe ya ce ya gode.

Bayan mako biyu aka mayar wa Kunnei da kwalayenta. Tuyara ta je da kanta da cinyar naman doki ta ba ta haƙuri, suka shirya. Labarin ya zaga gari, aka yi dariya, aka manta, don mutanenmu ba su da dogon riƙo. Har an koma tambayarsa zancen sanyi, ko da yake yanzu sai an matsa masa yake amsawa, kuma karatun bindiga ya bar wa wasu.

Da sabon allon da Tuyara ta sake saye ya iso, Miterai yana gida. Ya ji motar ta tsaya ya fito da sauri ba ko hula. Kunnei ta sauko da kwalin a hammata, ta gaishe shi da Baba, ta tambayi maraƙi. Ya miƙa hannu biyu zai karɓa, ba ta sake ba. Ta zaro wani ɗan littafi daga aljihu, da guntun fensir ɗaure da zare, don biro daskarewa yake yi a waje. Ta duba agogo ta rubuta rana da lokaci, ta juyo masa da shafin.

"Sa hannu a nan, Baba."

Ba kamfanin ya ce ta yi haka ba. Gida tamanin da huɗu ne a Tumuldai, kuma har gobe a sauran tura ƙofar zaure take yi ta ajiye ta wuce. Littafin sabo ne, ba sunan kowa a ciki. Miterai ya cire safar hannu da haƙora, ya karɓi fensirin, ya rubuta sunansa harafi bayan harafi a saman shafin farko, ita kuma tana tsaye tana jira ya gama.